Dutse Mai Komawa Gida

Ranar Talata, gidan waya na Katsina,
fanka na juyi kamar an tilasta mata,
sai ga Iya Tasalla daga Rafindadi
da ƙunshi a bakin zane, ɗauri uku.

Na ce, Iya, me za a aika?
Ta ce, dutse.
Na ce, wa ke sa dutse a jirgin sama?
Ta ce, wanda aka kawo wa ba da iznin mai shi ba.

Ta kwance. Baƙi wuluk, duk huda-huda
kamar saƙar zumar da ta ƙone.
Na ɗora a sikeli, da ƙyar allura ta motsa,
bai fi nauyin ƙwan zabo ba.

Jikanta Lurwanu ne ya zo da shi tsaraba,
mai karatun taurari a Hawai,
tsibirin da ƙasa ke aman wuta cikin teku.
Ya ce, Iya, ga abin goge kaushi.
Wata bakwai tana dirzar faso da shi.

Shekaranjiya ya bugo waya da dare,
hira ta ja hira, ya ce mutanen can suna faɗa
wai tsaunin nan yana da mai shi, mace ce ta wuta,
kowace tsakuwa da ke jikinsa tata ce.
Wai takan fito a tsohuwa, da farin kare a baya,
ta tsaya bakin hanya tana roƙon a rage mata tafiya.
Wanda ya wuce ta, gonarsa ta zama gawayi.
Wai gashinta kan zubo daga sama
siriri kamar zaren gilashi,
mujiya kuma a wurinsu kaka ce mai gadin gida,
ba mai kiran likkafani ba.

Ta ce, yana faɗa yana dariya.
Ni ban yi ba.

Na ce, to, wani abu ya same ki?
Akuya ta mutu? Soro ya tsage?
Ta harare ni ta saman gilashi.
Babu abin da ya same ni, yaro.
Kunya ce.

A Durɓi na tashi. Akwai tsamiya bayan gari,
ko ƙirare ba mu ɗauka sai mun yi sallama.
Wannan mata ban san ta ba, ban roƙe ta komai ba,
goshina alƙibla ɗaya ya sani.
Amma a ce ɗan wata tsohuwa yana banɗakina
ina goge diddige da shi safe da yamma?
Ko ba ta nan, ai masu faɗin tana nan suna nan.

Ta wanke shi da sabulun salo, ta shanya a inuwa.
Ta sa goro biyu na ban haƙuri,
na ce 'yan kwastan ba za su bari ba.
Ta ba ni ɗaya, ta fasa ɗaya.

Adireshi fa? Ta ce, rubuta: Tsohuwa mai farin kare.
Na rubuta sunan Lurwanu.
A gurbin kimar kaya biro ya tsaya.
Kuɗin aikawa ya kusa na tiya goma ta gero,
ta ƙirga su daga lalita, ba ta nemi ragi ba.

Da yamma, wajen Ƙofar Marusa,
wata tsohuwa ta ɗaga mini hannu.
Na duba bayanta, ba kare.
Na riga na wuce da kamar taku ashirin,
goron yana nan ɗaci a bakina.
Na juyo da babur.